Idon da Ya Kusa Kashe Mai'awo

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Sunana Kulu, ina turara shinkafa a wani ƙauye tsakanin Gummi da Bukkuyum. Ba zan kama sunan ƙauyen ba, don har yau a cikinsa nake kwana. Mijina kowa Mai'awo yake ce masa, ya fi shekara ashirin yana auna gero da shinkafa a kasuwannin yankinmu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa, shi ya sa zan faɗi abin da ya same mu. Wanda ya ji bakina ya yi kaifi ya yi haƙuri, haka Allah ya yi ni, kuma abin da na gani bai ƙara mini sanyi ba.

Abin ya fara ne a ƙarshen damina, da 'yar rawa a fatar idonsa na hagu. Inna, mahaifiyarsa, ta yi dariya ta ce baƙo zai yi, a share ɗaki. Sati ɗaya, sati biyu, baƙo bai zo ba, ido kuma bai daina ba. Kafin wata ya cika idon ya fara rufewa da kansa, ƙif, ƙif, ƙif, sau uku sau huɗu a jere. Bayan wata uku gefen bakinsa ya shiga ciki. Sai ka ga ɓarin fuskar gaba ɗaya ya tsuke ya haye sama, kamar mai kashe wa wani ido cikin jama'a yana ɓoye dariya. Babu zafi, babu zazzaɓi, yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwarsa.

Masu shawara kuwa, Allah ya yi yawa da su. Wannan ya ce iska ce ta buge shi a fadama, wancan ya ce abokan awo ne suka jefe shi. Ya sha rubutu har ya gaji, na yi masa hayaƙi har bangon ɗakina ya yi baƙi. Inna ta kira wanzami ya tsaga masa gefen ido ya kafa ƙaho, jini ya cika ƙasa, ido na ta ƙiftawa a ƙarƙashin ƙahon bai ma san ana yi ba. Ƙanensa ya tuna cewa Mai'awo ya taɓa yin rani ɗaya yana niƙa dutsen zinariya a Bagega, ya ce gubar dalma ce ta tashi. Muka kwashi jiki har Anka, muka yini a layi, aka ɗebi jini. Aka ce ba dalma ba ce, a kai shi wurin likitan jijiya a Sakkwato. Mai'awo ya ce shi ba zai bar buhunansa ya tafi Sakkwato saboda rawar ido ba. Ni ma ban matsa ba, kuma wannan laifi nawa ne, na ɗauka.

Ku da ba ku zaune a nan, sai na yi muku bayani. A wurinmu yanzu akwai kalmar da ta fi bindiga saurin kisa, ita ce infoma, wato mai nuna wa ɓarayin daji wanda za su ɗauka. Kowa ya san ba da baki ake nunin ba. Da ido ake yi, ko da gyaran hula, ko da tsayawa kusa da mutum. Don haka kowa idonsa na kan idon kowa, musamman ranar kasuwa.

Wata ranar kasuwa Alhaji Garba mai shanu ya sayar da bijimai biyu, ya biyo rumfar Mai'awo ya zauna kan buhu suna hira, don abokin wasansa ne tun suna yara. Wasu baƙi biyu a kan babur suka tsaya suka sayi gero tiya ɗaya suka wuce. Da la'asar, a hanyar komawa gida, aka tare Alhaji aka shiga daji da shi. Kafin gari ya waye magana ta zagaya: an ga Mai'awo yana kashe wa baƙin nan ido, Alhaji na zaune gabansa. Mutanen da suka yi wata shida suna ganin idon nan yana rawa, har suna yi masa tsiya a kai, duk suka manta a dare ɗaya. Wasu ma cewa suka yi ai dama tun farko ya ƙirƙiri ciwon ne don ya rufe aikinsa.

Da hantsi 'yan sintirin gari suka zo, samarin da ke gadinmu da bindigogin gargajiya. Bello ne a gaba, babban ɗan Alhaji Garba, yaron da ni na yi wa uwarsa zaman biki. Ba su yi sallama ba. Suka fizgo Mai'awo daga kan tabarma, kofin kunu na hannunsa, suka ja shi a ƙasa har gindin tsamiyar bakin kasuwa. Ina rufe tukunya na bi su da muciya a hannu, ko mayafi ban ɗauka ba.

Na iske sun ɗaure shi da igiyar shanu, hannuwa ta baya. Gora, wayar wuta, gindin bindiga, duk abin da hannu ya kai. Bello ya shaƙe wuyan rigarsa yana ihu:

"Ina anka kai ubana? Wa kaka kashe ma ido?"

"Bello, ciwo na, wallahi ciwo na," in ji Mai'awo.

To shi wannan ciwo, tsoro ne abincinsa. Duk lokacin da hankalin Mai'awo ya tashi, idon sai ya haukace. Yana rantsuwa, ido na ƙiftawa, baki na hayewa sama. Wani cikinsu ya ce, "Ku duba! Har mu shika yi ma! Dariya shika yi muna!" Aka ɗaga gora aka sauke a hannunsa na dama, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Na kutsa ciki na kwaɗa wa mai gorar muciya a gadon baya, ban yi nadama ba, gobe ma zan sake. Wani ya juyo ya ba ni gindin bindiga a baki, haƙorana biyu suka zube a ƙasa. Na faɗa kan Mai'awo na rungume shi, na ce da bakin jini, "Ku haɗa da ni, 'yan banza marasa albarka, ku yanka mu tare!" Na ga an zaro wuƙa. Allah ya kawo Maigari a daidai lokacin, tsoho da sandarsa yana haki, ya tsaya tsakaninmu da su ya ce duk mai son yanka ya fara da shi. Da ya makara da minti biyu, da wannan labarin takaba ne.

A asibiti a Gummi aka ce hannu ya karye wuri biyu, haƙarƙari uku sun tsage, kunnen hagu ya fashe. Satin farko ko juyi ba ya iyawa, ni ke ɗaga shi ni ke kwantar da shi, ina ba shi kunu da cokali, ni ma kunun nake sha don bakina ya kumbura. Sati na biyu maƙwabtan gadonmu suka ji dalilin dukan, suka janye tabarminsu, ko gaisuwa suka daina amsawa. Daga ƙauyenmu kuwa, mutanen da suka ci bashin geronsa shekara da shekaru, ko ƙafa ɗaya ba ta tako ba. Inna kaɗai ke zuwa da fura a ƙwarya. Amma akwai wata likita, yarinya ƙarama mai gilashi, Allah ya yi mata albarka duk inda take. Ta zo duba hannu, sai ta tsaya tana kallon fuska. Ta tambaye ni tun yaushe, na faɗa mata. Ta ce, "Mama, wannan ciwo ne sananne, kuma yana da magani." Ta rubuta mana takarda zuwa Sakkwato. Na fita bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ranar tsamiya.

Sati na bakwai muka shiga motar Sakkwato, hannunsa rataye a wuya. Layin kati yini guda, ganin likita sai bayan kwana tara, hoton kai wani satin. Muka raɓe a gidan wata 'yar ƙanwar Inna. Da muka samu shiga, likitan jijiya ya sa Mai'awo ya rufe ido ya buɗe, ya hura kumatu, ya yi murmushi. Ya ce wata jijiyar jini ce ta kwanta a kan jijiyar da ke motsa fuska tana taɓa ta, kamar wayoyin wuta biyu da suka haɗu. Wannan magana ta zauna mini, don ita ce ta farko da na ji wadda babu aljani ko maƙiyi a cikinta. Ya ce akwai aikin tiyata amma babba ne, abin da ya fi sauƙi allura ce da ake yi a fatar fuska, tana kwantar da naman da ke fizga. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ita ce dai allurar da matan manya ke yi a birni don goge tamojin tsufa daga fuska. Mu kuma muna yi wa masu irin wannan ciwo, da masu murɗewar wuya, da waɗanda hannu ya ƙage bayan shanyewar jiki."

Mai'awo ya ce, "Likita, allurar kwalliya za a yi man da gemuna?"

Na ce, "Malam, ko jan baki anka ce ka shafa, shafawa za ka yi."

Likita ya gargaɗe mu cewa ba warkewa ba ce, aikinta wata uku ne ko huɗu, sai a sake. Kuma babu ita a nan, sai an aiko daga nesa cikin ƙanƙara. Tsadarta kuwa, ba a magana. Na aika gida aka sayar da manyan tukwanena biyu na turara shinkafa, Inna ta sayar da tunkiyarta. Ina mamaki har yau, abin da wata ke yi don kada a san shekarunta, shi ne ni na sayar da sana'ata a kansa don kada a yanka mijina.

Bayan sati uku ta iso. Allurar 'yar siririya ce, ya soka masa wuri biyar ko shida kewaye da ido da gefen kumatu, kafin in gama salati an gama. Kwana uku babu canji, na fara zagin likita a zuci, Allah ya yafe mini. Kwana na biyar fizgar ta yi sanyi. Kwana na goma fuska ta tsaya cak. Fatar idon ta ɗan sauko, ruwa na ɗan zubo masa ta gefen baki in yana sha, likita ya ce zai wuce, ya kuwa wuce. Mai'awo ya ari madubina ya daɗe yana kallo. Inna, da ta biyo mu Sakkwato, ta ce, "Kai, wanga ɓarin ya koma na ango, a yi ma ɗayan mana." Muka yi dariya har haƙarƙarinsa ya motsa.

Muka koma gida ina ɗaga kai, ina cewa yau za su ji kunya. Ashe an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Muna Sakkwato labari ya zo cewa Alhaji Garba ya rasu a daji, bayan iyalinsa sun sayar da garken gaba ɗaya sun kai, ko gawarsa ba a samu ba. Ranar Juma'a Mai'awo ya daure ya je masallaci da fuskarsa lafiya lau. Kafin a sallame magana ta gama sahu: kun gani? Da ya sha gora ai ya daina. Ciwon Allah yana jin duka ne? Maganin da na sayar da tukwanena a kansa shi ya zama shaidar da suke nema.

Daga ranar ba mu sake barci da ido biyu rufe ba. Aka yi ta jifan rufinmu da duwatsu. Aka cinna wa rumbunmu wuta da rana tsaka, muna kallo gero ya ƙone. Aka yanka akuyata aka jefo mana kanta ta katanga. Mai'awo ya shige ɗaki ya daina fita ko zaure, in an buga ƙofa sai jikinsa ya ɗauki ɓari. Na ɗauki takardar likita na kai wa Maigari, ya kira Bello. Bello ko karɓa bai yi ba, ya ce takarda ko shi zai iya sayowa a Gusau. Da ya fita Maigari ya ce mini, "Kulu, ƙarfina ya kusa ƙarewa. Yaran ga ba su jin maganata awa da. Ku bar garin ga." Na ce, "Ranka shi daɗe, mu tai ina? Wanda yag gudu ai ya amsa laihi. Duk garin da munka sauka sunan zai riga mu isa." Shi ma ya san gaskiya na faɗa.

Na kira likitan Sakkwato a waya ina kuka ina faɗa, har na ce masa maganinsa ya ja mana. Bai yi fushi ba. Cikin magana ya ce, "Ai da za su gan shi yana barci ma ya isa. Wannan ciwo ko mutum na barci ba ya tsayawa, kuma babu mai iya yin ƙarya cikin barci." Ni ke kwana gefensa, na fi kowa sanin haka, amma ban taɓa kawowa a raina cewa hujja ce ba. Sai dai hujjar ba za ta fito ba sai allura ta sake shi. Na ce wa likita ba za mu zo allura ta biyu ba tukuna. Ya ce ba ya so, amma ya fahimta.

Na roƙi Maigari ya riƙe mini su wata biyu, ya ce zai gwada. Mai'awo kuwa na yi masa ƙarya, na ce magani bai iso ba. Da na faɗa masa gaskiya ba zai yarda Bello ya tako gidan ba, in ma ya yarda ba zai runtsa ba. Na zauna ina kallon ciwon yana dawowa, ni da na san ranar da ya kamata mu tafi. Farko 'yar rawa, sai ƙiftawa, sai ɓarin fuska duka. Yana riƙe kumatunsa da hannu yana cewa, "Kulu, ki sake kiran likita, don Allah." Ina cewa na kira, an ce sai wani sati. Wallahi na tsani kaina a kwanakin nan, kuma ina addu'a ciwon ya ƙara tsanani.

Ranar da na ga ya kai, na jefa ƙwayar da aka ba shi lokacin karaya, mai sa barci, cikin furarsa ta bayan azahar. Da minshari ya kankama na aika Inna ta kira Maigari. Suka shigo shi da Bello, Bello da bindiga a kafaɗa da wuƙa a ƙugu. Na ɗaga labule. Mai'awo na kwance rigingine, baki buɗe, yawu na bin gemu, karyayyen hannun a kan ƙirji. Idon hagu kuwa yana ta aikinsa, ƙif, ƙif, ƙif, gefen baki na hayewa yana saukowa.

Bello ya daɗe a tsaye. Sai ya ce, "Kwanan ƙarya na."

Ya zaro wuƙa. Na yunƙura, Maigari ya tare ni da sanda. Bello ya durƙusa ya kai wuƙar saitin idon, ya sauko da ita har maƙogwaro. Minshari bai canja ba, numfashi bai canja ba, ido bai fasa ba. Mutumin da ƙarar ƙofa ke sa shi ɓari, ga wuƙa a wuyansa yana barcinsa. Bello ya ƙara matso da wuƙar, sai ƙarfen ya taɓa fata.

Mai'awo ya buɗe ido ya ga Bello a kansa da wuƙa. Ihun da ya yi, ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irinsa ba. Ya faɗo daga gado a kan karyayyen hannun, ya rarrafa ya kama ƙafar Bello, fitsari na bin wandonsa, yana cewa:

"Ni na! Na amsa, ni na! Ni nan nuna shi! Ka yanka ni ka huta, kar dai a sake bugu na, kar a taɓa Kulu!"

Na ce shi ke nan, na kashe mijina da hannuna. Bello ya dube shi, ya dubi wuƙar, ya sake ta ta faɗi. Ya zauna daɓas a ƙasa ya ce, "Tashi, Baba. Ba kai na ba." Sai ya kifa kai a gwiwa ya fashe da kuka yana kiran ubansa. Bai ce mu yafe masa ba, ranar ko bayanta. Amma da la'asar ya tsaya a ƙofar masallaci ya faɗi abin da ya gani, tun daga ranar dutse bai sake sauka a rufinmu ba.

Bayan kwana huɗu muka tafi Sakkwato aka yi allura ta biyu da ta daɗe tana jiranmu, aka sake ɗaure hannun. A mota na faɗa masa komai, ƙaryar magani da ƙwayar cikin fura. Ya juya fuskarsa wajen taga har muka isa.

Yanzu duk wata huɗu muke zuwa, in an samu hali, in ba a samu ba ya jira da fuskarsa. Hannun bai miƙe ba, da hagu yake awo, kunnen kuma ya tafi. Ina gode wa Allah, ina gode wa Maigari da Inna da likitocin nan biyu. Sauran mutanen garinmu, waɗanda yanzu suke cewa ai su dama ba su yarda ba, na bar su da Allah, kuma ban yafe haƙorana ba. Ku kuma, in fuskar wani naku ta fara fizga, kada ku tsaya jiran baƙo. Ku kai shi asibiti tun da wuri, ku kuma zagaya da shi wurin maigari da liman da masu gadi, kowa ya san ciwo ne tun kafin ranar da za a nemi wanda za a ɗora wa laifi.

Mai'awo yana raye, sunansa ya wanku, abin da na nema ke nan kuma na samu. Yana gaishe ni, yana cin tuwona, bai taɓa ɗaga mini murya a kan maganar ba. Amma fura, sai wadda Inna ta dama. In barci ya kama shi kuma, sai ya tashi ya ce, "Kulu, ɗan ba ni wuri." In fita, in ji ya sa sakata.